Wanda ya karanta zanen gine-gine ya koma wani aikin, me ya rage a hannunsa?

Rumaisa_Zane
Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai tambayar da ta kwana biyu tana cina a rai, kuma na san a zauren nan akwai waɗanda suka riga ni shiga duniyar aiki. Ina shekarar ƙarshe a sashen zanen gine-gine. Wani kamfani mai haɗa manhajojin waya ya kira ni ganawa, suna neman wanda zai riƙa tsara fuskar manhaja: inda maɓalli zai zauna, abin da mutum zai fara gani idan ya buɗe. Aikin ya kwanta mini. Amma da na faɗa wa mahaifina sai ya yi shiru, can ya ce, "To shekarun da kika yi kina kwana kan teburin zane fa, sun tafi ke nan?" Na rasa amsar da zan ba shi, domin ni ma abin da nake tambayar kaina ke nan. Idan mutum ya yi wannan karatun bai zama akitek ba, wato ƙwararren mai zanen gine-gine, me ya ɗauko da zai amfane shi a wani wurin? Ba lallashi nake nema ba, wanda ya gani da idonsa nake so ya faɗa mini.

Abba_Manhaja
Wa alaikumus salam ƙanwata. Hanyar da kike tsaye a bakinta ita na bi shekara shida da suka wuce. Makona na biyu a wurin aiki aka zauna taro kan shafin biyan kuɗi na wata manhaja. Mutum bakwai, kowa na bayani da baki, an fi awa ɗaya ana juya magana ɗaya. Ni lokacin ban san komai a rubuta manhaja ba, ina zaune kamar baƙo. Da abin ya yi tsawo sai na jawo takarda na zana shafin iri biyar, kowanne bai wuce tafin hannu ba, na baje su a tsakiyar tebur. Nan take muryoyi suka sauka. Wannan ya nuna na uku ya ce shi yake nufi tun ɗazu, wancan ya ce a ɗauko saman na ɗaya a haɗa da ƙasan na huɗu. Cikin minti ashirin aka tashi. A wurina ban yi wani abin a zo a gani ba, abin da malamin studiyo, wato ajin da ake koyon zane a aikace, ke tilasta mana ne tun aji ɗaya: kar ka zo mini da tunani ɗaya, kawo uku, kuma a takarda. Sai daga baya na lura mutane da yawa sun gama jami'a ba a taɓa koya musu fito da abin da ke kansu zuwa inda kowa zai iya ɗora yatsa a kai ba.

Na biyu kuma bin sawun mutum. Idan kika zana asibiti, za a tambaye ki: mai ciwo ya shigo ta ina, idonsa ya fara sauka kan me, taku nawa zai yi kafin ya kai wurin karɓar kati? Tambayar da nake yi kullum ke nan har yau, sai dai ƙofar ta koma allon waya.

Injiniya_Sadiq
Ku gafarce ni, zan ɗan saɓa. Shekara goma sha ɗaya ina lissafin ƙarfin gini, kuma kusan kullum zanen akitek ne ke sauka a teburina. Abin da nake gani a wurin sababbin fitowa bai yi kama da wannan yabon ba. Yaro zai kawo maka bene da ya leƙo mita biyar babu ginshiƙi a ƙarƙashinsa, ka tambaye shi me zai riƙe shi, ya ce ai wannan aikinka ne. Ka tambaye shi abin da zai ci na kuɗi, bai taɓa kawo shi a ransa ba. Kowane sashe a jami'a cewa yake yi yana koyar da warware matsala da aiki da mutane. 'Yan lissafi haka suke faɗa, 'yan shari'a ma haka. Malama Rumaisa, ki dubi aikin kansa, in yana da kyau ki karɓa, amma kar ki sa ran digirin zai yi miki rabin aikin.

Umm_Khalil
Injiniya, ban musa abin da ka gani ba, amma bari in kawo nawa gefen. Ni ban karanta zane ba, aikina ɗaukar ma'aikata ne da kula da su. Cikin waɗanda suka ratsa ta hannuna akwai mutum uku da suka fito daga wannan fanni, ɗaya a sashen talla, biyu a tsara ayyuka. Abin da ya haɗa su shi ne, idan ka gyara musu aiki ba sa kumbura. Wanda bai riƙe mutane ba zai ga kamar ƙaramin abu ne. Akwai ma'aikacin da in ka ce rahotonsa na buƙatar gyara, sai ya yi kwana uku yana gaishe ka da ƙyar. Ɗaya daga cikin ukun nan, shugaba ya taɓa watsar da tsarin da ta yi mako biyu tana haɗawa, a gaban kowa. Na bi ta ofis don in ba ta baki, sai na tarar ta riga ta buɗe sabon shafi tana jera abin da ya faɗa ɗaya bayan ɗaya, tana sa alama a wanda ta yarda da shi da wanda za ta koma ta kare. Ta ce mini, "Hajiya, a makaranta duk bayan 'yan makonni haka ake mana."

Rumaisa_Zane
Juri ke nan Hajiya. Za ka manna zanenka a bango, ka ajiye samfurin da ka haɗa da kwali a kan tebur, malamai uku ko huɗu su zauna, wani lokaci har da baƙo daga waje, 'yan ajinku kuma na bayanka. A ba ka minti goma ka yi bayani, sannan su fara. Na farko da na yi, sai da na yi kuka bayan an tashi. Ban taɓa tunanin abu ne da mai ɗaukar aiki zai ga darajarsa ba.

Dan_Studiyo
Nan fa nake da magana. Ana yawan yi wa juri kwalliya bayan an wuce shi, amma mu faɗa wa juna gaskiya: wani jurin gyara ne, wani kuwa cin mutunci ne tsagwaronsa. Na ga malami ya ɗauki samfurin da yarinya ta yi dare huɗu tana yankawa, ya ɓalle rufin da hannu wai yana so ya ga ciki, ko kallonta bai yi ba. Abokina na kusa ya bar sashen a aji uku, kuma wallahi ya fi mu hannu. Shi wace ƙwarewa ya ɗauko?

Sai batun rashin barci. An mayar da shi abin alfahari, wanda ya fi kwana a studiyo shi ne gwarzo. Tsohon gado ne. A makarantar Beaux-Arts ta birnin Paris, a ƙarni na 19, amalanke ake turowa ya kwashe zanen ɗalibai idan wa'adi ya cika, kuma har yau masu zane na kiran aikin gaggawa na ƙarshen wa'adi da sunan wannan amalanken a Faransanci. Ni abin da na fito da shi, kuma na daɗe ina fama kafin na rabu da shi, shi ne barin aiki sai ya rage kwana biyu sannan in hana kaina sakat. Wannan ɗabi'ar ta kusa raba ni da aikina na farko.

Safiya_K
Gaskiya ne Dan_Studiyo. Ni har yanzu in na tashi daga ofis a kan lokaci sai in ji kamar na yi laifi, alhali na gama aikina.

Tsohon_Malami
Na karanta duka, kuma na jima ina tunanin ko in sa baki, domin ina cikin waɗanda ake ƙorafi a kansu. Shekara ashirin da takwas na yi a kujerar juri. Ɗana Dan_Studiyo, abin da ka faɗa haka yake. Malamin da ya ɓalle rufin nan ya yi kuskure, babu wata hikima a ɓoye a ciki. Ni kaina akwai ɗaliban da in na tuna yadda na yi musu magana a shekaruna na farko, sai in nemi gafarar Allah.

Amma 'yata Rumaisa ta yi tambaya, bari in amsa iya fahimtata. Yawancin karatun jami'a tambaya ake ba ɗalibi wadda amsarta na aljihun malami. Studiyo ba haka yake ba. Za a nuna maka fili a ce ka zana ɗakin karatu na jama'a, ɗalibi arba'in su kawo zane arba'in, kuma mai yiwuwa goma daga ciki duk sun yi daidai. Ba ka ma sanin ainihin matsalar sai ka fara zana amsa. Ka buɗe manyan tagogi a yamma, sai ka ga rana za ta gasa masu karatun la'asar. Ka juya zauren, sai matakala ta rasa wurin zama. Ka gyara matakala, sai ka gane tun farko ɗakin yara ƙasa ya kamata ya sauko. A 1973 malamai biyu a jami'ar Berkeley ta Amurka, Horst Rittel da Melvin Webber, sun yi rubutu kan irin waɗannan matsaloli masu taurin kai, waɗanda ba su da iyaka sananniya, ba su da amsa ɗaya, kuma duk inda ka taɓa sai wani gefen ya motsa. Tsara birane da manufofin gwamnati suke magana a kai. A 1983 kuma Donald Schön ya fitar da nazarinsa kan yadda ƙwararru ke tunani a bakin aiki, kuma cikin manyan misalansa akwai malamin zanen gini zaune da ɗalibarsa kan zanen wata makaranta. Ya kwatanta abin da hira tsakanin mai zane da aikin da ke gabansa: ka ja layi, takarda ta mayar maka da magana, ka saurara, ka sake ja.

To ki dubi aikin duniya. Shugaban asibiti da ke son rage layin marasa lafiya, mai kamfani da ke son buɗe reshe, wanda ke tsara jadawalin motocin haya, duk irin wannan matsalar ce a gabansu. Mutane da yawa in suka ci karo da ita sai su tsaya cak suna jiran cikakken bayani, wanda ba zai zo ba. Wanda ya yi studiyo zango takwas ko goma ya saba farawa da ɗan abin da ke hannu, ya yi zanen farko yana sane zai yage shi. Wannan sabon nake ganin kin ɗauko, 'yata, kuma ba ya zubewa don kin canza tebur.

Injiniya Sadiq kuma yana da gaskiya kan kuɗi. Mun gaza a nan, ba na ɓoyewa.

Injiniya_Sadiq
Allah ya ƙara girma Malam, na ji daɗi da ka yarda da wannan. Kuma abin bai tsaya kan ɗalibai ba. Ku dubi gidan opera na Sydney a Ostireliya. Jørn Utzon ya ci gasar zanensa a 1957, aka yi kiyasin dala miliyan 7 ta ƙasar, aka ƙare a miliyan 102. Ba a buɗe shi ba sai 1973, shi kuwa Utzon ya ajiye aikin tun 1966 saboda rikici da gwamnati. Shekaru aka kwashe ana neman yadda rufin nan zai tsaya. Ginin yana da kyau, babu musu. Amma in aka koya wa yaro kyau na gaba da komai, da wannan tunanin zai shiga kowane ofis.

Hauwa_Ayyuka
Injiniya, misalin naka fuska biyu gare shi. An fara aikin ginin a 1959, zanen bai kammala ba, saboda gwamnati na gaggawa. Wannan ba laifin studiyo ba ne. Kuma maganin da aka samu wa rufin a ƙarshe, wato a yanko duka ɓangarorinsa daga jikin siffar ƙwallo guda don a iya zuba su iri ɗaya, Utzon da injiniyoyin kamfanin Arup ne suka yi ta kai da komo har aka kai gare shi. Kowa ya buƙaci ɗan uwansa.

Ni na karanta zanen gine-gine, na yi shekara biyu a ofishin zane, yanzu ina kula da ayyuka a wata ƙungiyar agaji. Kasafin kuɗi ban iya ba da na zo, na yarda. Amma cikin wata shida na koya, don abu ne da ake zaunar da mutum a nuna masa. Abin da na ga yana yi wa abokan aikina wuya, ni kuma ya zo mini da sauƙi, shi ne sauya ma'auni. A makaranta gini ɗaya za ki zana shi a 1:500, wato an rage girmansa sau 500 a takarda, ki ga yadda ya zauna cikin unguwa, ki dawo 1:100 ki ga ɗakuna, ki sauko 1:5 ki ga inda taga ta haɗu da bango don kar ruwa ya shiga. Kuma dole ukun su yarda da juna. Yau a taro ɗaya zan yi maganar shirin shekara uku, sannan in tambayi wa zai riƙe mukullin sito ranar da mai gadi ba ya nan. Masu manyan tsare-tsare ba sa son saukowa wurin mukulli, masu mukulli kuma ba sa ɗaga kai. Wanda ke iya hawa da sauka tsakaninsu ana neman sa.

Kuma batun kyau na gaba da komai, ba haka aka koya mana ba. Tun aji ɗaya ake nanata mana abu uku da Vitruvius, akitek na tsohuwar Rum, ya lissafa sama da shekara dubu biyu da suka wuce: ƙarfi, amfani, kyau. In ɗalibi ya riƙe na uku ya saki biyun, shi ya zaɓa.

Birkila_Garba
Ni ban yi jami'a ba, ɗana ne ya sa ni a zauren nan, amma shekara talatin ina ɗora bulo a kan zanenku. Akitek iri biyu na sani. Akwai wanda zai zo ya tsaya nesa da takalminsa mai tsabta, ya miƙa takarda ya juya. Akwai wanda in na ce masa ranka ya daɗe wannan kwanar ba za ta fita da bulon nan ba, sai ya durƙusa ya zana mini a ƙasa da tsinke, in ya ga gaskiyata ya canza. Na biyun nan ko me ya koma yi a duniya ba zai taɓe ba. Ka yi magana da mai gini da safe, da injiniya da rana, da lebura da yamma, kowa ka yi masa da harshen da zai gane, ba kowa Allah ya ba wannan ba. A ganina rabi makaranta ce, rabi hali.

Tsohon_Malami
Malam Garba, maganarka ta tuna mini da Francis Kéré na Burkina Faso. Kafinta ya fara koya kafin ya karanta zanen gine-gine a Berlin. Yana ɗalibi ya tara kuɗin gina makarantar firamare a ƙauyensu Gando, aka gama a 2001, mutanen ƙauyen ne suka yi aikin da tubalin ƙasa. Sai da ya shawo kan masu ba da kuɗi a Jamus, ya kuma shawo kan mutanensa su yarda da ƙasa a matsayin kayan gini na zamani. A 2022 ya zama ɗan Afirka na farko da ya karɓi lambar Pritzker, babbar lambar yabo ta masu zanen gine-gine. Durƙusawar nan da ka ambata babban rabo ne na aikinsa.

Nura_Hoto
Tambaya a gefe. Duk an yi maganar tunani da hali, manhajojin zane a kwamfuta fa? AutoCAD, Revit, Rhino, Photoshop. Ni dai su suka samo mini aiki. Kamfanin kayan ɗaki ne ya ɗauke ni ina haɗa musu hoton kujeru da gadaje a kwamfuta kafin a ƙera, babu wanda ya tambaye ni Vitruvius.

Abba_Manhaja
Suna buɗe ƙofa Nura, babu shakka, kuma Allah ya sa albarka a aikin. Sai dai suna tsufa. AutoCAD ya fito a 1982, waɗanda suka ƙware a allon zane da rula sai da suka koma ɗalibai. Da Revit ya yi ƙarfi aka sake sabon lale. Inda Rumaisa za ta je wataƙila Figma, manhajar tsara fuskar manhajoji, suke aiki da shi, kuma wanda ya saba da waɗancan ba zai daɗe ba zai kama shi. Abin da ya fi daɗewa a hannu shi ne rashin tsoron sabuwar manhaja, tunda a makaranta yawanci ba wanda ya zaunar da mu ya koya mana, wa'adi ne ya kore mu muka koya.

Mai_Lambobi
Ni mai rubuta manhaja ne, ban taɓa shiga studiyo ba, amma fanninmu bashi ake bin sa a wurinku. Christopher Alexander, akitek kuma malami a Berkeley, shi da abokan aikinsa sun fitar da littafi a 1977 mai ɗauke da tsare-tsare 253. Kowanne yana kama matsalar da ke yawan dawowa a gini ko gari, ya ba ta suna, ya faɗi asalin maganinta, misali a bar haske ya shigo ɗaki ta gefe biyu. A 1987 masu rubuta manhaja biyu, Kent Beck da Ward Cunningham, suka ɗauko wannan dabarar suka kawo ta rubuta manhaja. Cunningham ne ya ƙirƙiri wiki na farko a 1995, wato shafin intanet da masu karanta shi ke iya gyarawa, kuma don tara irin waɗannan tsare-tsaren ya yi shi. Don haka Malama Rumaisa, in kika shigo wurinmu ba baƙon gida kika zo ba.

Jamilu_B
Ga kuma Virgil Abloh, ya yi digiri na biyu a zanen gine-gine a Chicago, a 2018 ya zama jagoran tsara tufafin maza a kamfanin kayan ƙawa na Louis Vuitton. Richard Saul Wurman ma akitek ne, yana cikin waɗanda suka kafa TED, shahararren taron gabatar da jawabai, a 1984.

Safiya_K
Malam Jamilu, waɗanda suka yi suna kaɗai ake jin labarinsu. 'Yan ajinmu da suka bar fannin suka yi shekara biyu suna yawo da takardu babu mai kira, su ba wanda zai kawo sunansu nan. Ƙwarewar na nan, na yarda, amma sai mutum ya iya fassara ta. In ka rubuta "na zana cibiyar al'adu" a takardar neman aikin banki, mai karantawa ba zai ga komai ba. Sai ka ce ka jagoranci mutum biyar, kun yi hira da masu amfani da wurin, kun gabatar a gaban kwamiti, kun cika wa'adi. Wannan fassarar ba a koya mana ita ba, kuma ita ce ta kayar da da yawa.

Baban_Amira
Ni uba ne, kuma na fahimci shirun mahaifinki. 'Yata, ba raina sabon aikin ya yi ba, tsoro yake ji. A ƙasashe da yawa digiri kaɗai ba ya ba mutum ikon kiran kansa akitek, sai ya yi shekaru a ƙarƙashin mai rajista, ya zauna jarrabawar hukuma. Kin yi mafi tsawon tafiyar, saura kaɗan. Fita daga fannin ko yaushe za ki iya, amma komawa bayan shekara bakwai, lokacin da 'yan ajinki sun yi nisa kuma dokokin gini sun canza, ya fi wuya. In da 'yata ce zan ce ta karɓi rajista tukuna, sannan ta tafi inda take so da abinta a hannu.

Hauwa_Ayyuka
Baba, maganarka tana da nauyi. Ni ban tsaya na yi rajistar ba. Yawancin ranaku ba na nadama, amma in na wuce wurin da ake zuba kankare na ji ƙarar injin, akwai abin da ke motsawa a ƙirjina. Sai dai ita ma damar da ta zo wa Rumaisa ba lallai ta jira ta shekara uku ba.

Dan_Studiyo
Na dawo, don kar a ce ban ga alherin komai ba. Maganar Abba ta bin sawun mutum ta tuno mini da wani abu. A aji biyu wata malama ta shigo da keken guragu, ta ce kowa zai hau daga bakin get har teburinsa, ba wanda zai tura shi. Ni na maƙale a gangaren farko, hannuna na rawa, keken na komawa baya. Ƙa'ida ta ce duk hawan mita ɗaya a ba shi tsawon mita goma sha biyu, na haddace wannan don jarrabawa, amma a zanena na makon da ya gabata na matse gangaren don ya shiga wurin da ya rage. Da na kai banɗaki kuma na kasa juyawa, don keken na buƙatar fili kamar mita ɗaya da rabi. A daren na yage zanen da kaina, ba wanda ya sa ni.

Yanzu a kamfanin inshora nake, ina cikin masu tsara fom da wasiƙun da ake aika wa mutane. Duk fom da ya zo gabana, abin da nake fara tambaya shi ne wa zai maƙale a nan: tsoho mai raunin ido, wanda karatunsa bai yi zurfi ba, wanda ke cikewa a ƙaramar waya. Wannan malamar ba ta taɓa ɗaga wa kowa murya ba. Shi ya sa har yanzu ina kan bakana game da wancan mai ɓalle rufin.

Rumaisa_Zane
Na gode muku duka, Allah ya saka da alheri. Jiya na je ganawar. Na kai hotunan da na fi alfahari da su, waɗanda na kwashe makonni ina gogewa a kwamfuta, sai suka wuce su da sauri. Inda suka tsaya shi ne wani shafi na littafin zanena mai datti, inda na canza wurin ƙofar wani ƙaramin asibiti sau uku. Suka ce me ya sa. Na yi bayanin mai juna biyu da ke saukowa daga mota, da inuwa, da yadda na farkon ke sa ta ratsa ta gaban masu tari. Mun fi minti ashirin a kan shafin nan. Sun ce in zo gwajin wata uku bayan na gama.

Na karanta wa Baba amsar Baban_Amira da ta Malam. Ya ce ta Baban_Amira ce tasa. Ban ba kamfanin amsa ba tukuna, suna jira zuwa ƙarshen wata.

Injiniya_Sadiq
In kin karɓa, ki roƙi su riƙa sa ki a zaman da ake maganar kuɗi da lokaci tun makon farko, ko da shiru za ki yi.

Baban_Amira
Ki tambayi hukumar rajistar ko akwai iyakar shekarun da aka ba mutum bayan digiri kafin ya fara horon. Amsar za ta rage miki rabin wasi-wasin, kuma mahaifinki zai so ya ji ta daga bakinki.

Nura_Hoto
Rumaisa, littafin zanen mai dattin nan, duka kika kai ko shafuka kika zaɓa? Ina da ganawa mako mai zuwa, kuma nawa duk na cire su daga jakar.